Kanannado da Tsawon Dare: Littafin Aikinmu Kan DNA na Wake

8 ga Yuni, 2024

An amince da tsarin aikin, kuma daga yau a nan zan riƙa rubuta inda aka kwana. Tambaya ɗaya muka sa a gaba. A shuka wake iri biyu, Kanannado da IT97K-499-35, wanda aka fi sani da SAMPEA 10, rana ɗaya a gona ɗaya a farkon damina. Na biyun zai fara fure bayan kwana arba'in da 'yan kai. Kanannado kuwa sai ya yi ta yaɗo yana zuba ganye har damina ta tsufa. Me ke riƙe shi, me kuma ke sakinsa?

Amsar sama-sama an daɗe da ita. Tun 1920 Garner da Allard a Amurka suka nuna da taba da waken suya cewa akwai tsirran da ke auna tsawon yini kafin su yi fure. Daga baya aka gane daren ma suke aunawa, domin ɗan haske a tsakar dare yana rusa musu lissafi. A Kano yini mafi tsawo a Yuni bai kai awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba ya ɗan gaza awa 11 da rabi. Tazarar gaba ɗaya ba ta cika awa ɗaya da rabi ba, amma wannan wake yana gane ta.

Mai ba da umarnin fure ma sananniya ce: ƙwayar gado da ake kira FT. A ganye take aiki. Furotin ɗin da take yi yana bin jijiyar da ke rarraba sukari har ya isa kan tsiro, yana isa sai a daina yin ganye a koma yin fure. Kanannado yana da dangin FT, SAMPEA 10 ma yana da su. Bambancin yana wajen lokacin da ake kunna su. Ko dai wata ƙwayar da ke hana su aiki ta lalace a ɗayan irin, ko kuma makunnansu ne suka bambanta, wato sassan DNA da ba sa yin furotin amma su ke yanke yaushe ƙwaya za ta yi aiki, a wace gaɓa, da wane ƙarfi.

Hankalina ya fi karkata ga makunnan, saboda abin da aka gani a masara. A 2011 ɗakin binciken John Doebley a Wisconsin ya nuna cewa abin da ya rage wa masara rassa, ya raba ta da kakanta na dajin Meziko, wani guntun DNA mai tsalle ne da ya sauka wajen haruffa 60,000 na rubutun DNA (A, C, G, T) kafin ƙwayar tb1, ya ƙara mata ƙarfi. A 2018 aka sami makamancinsa haruffa 57,000 kafin ZmCCT9, shi ya taimaka wa masara yin fure a ƙasashen da yini ke da tsawo. A waken suya kuwa, wani mai tsallen da ake kira SORE-1 ya shige cikin intiron na farko (sashen ƙwaya da ake yankewa kafin a yi furotin) na FT2a, ya rage mata aiki, fure ya jinkirta. A duka ukun, furotin ɗin bai canza ba.

Wannan ne dalilin da ya sa muka zaɓi dogon karatu, wato karanta dogon zaren DNA gaba ɗaya ba guntu-guntu ba. Injinan Illumina suna karanta haruffa 150 a lokaci guda, alhali kusan rabin kundin gadon wake, wato duka rubutun DNA ɗinsa, maimaici ne na irin waɗannan masu tsalle. Kamar a yayyanka turmin atamfa mai zane iri ɗaya ƙanana-ƙanana ne, a ce tela ya mayar da kowane ƙyalle gurbinsa: zai ga furen zanen, amma ba zai san na wane yadi ba ne. Zare mai haruffa 30,000 kuwa yana ɗauko mai tsallen tare da maƙwabtansa na dama da na hagu, ba sai an yi kirdado ba.

2 ga Yuli

Iri ya samu. Zaɓen SAMPEA 10 ba shi da wahalar bayani: a kansa aka gina kundin da kowa ke gwada nasa da shi. Stefano Lonardi da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suka fitar da shi a 2019 da dogon karatun injinan kamfanin PacBio. Sun haɗa haruffa miliyan 519 daga kimanin miliyan 640, a kuromosom 11, da ƙwayoyin gado 29,773. Irin kansa cibiyar binciken noma ta IITA ce ta samar da shi.

Kanannado daga rumbun wani dattijon manomi muka karɓo shi. Sunan ɗaya ne, amma abin da ake kira da shi a wannan ƙauye ba lallai ya zama daidai da na wancan ba, ko a mudu ɗaya ma akan sami gauraye. Don haka tsiro ɗaya muka ware, daga 'ya'yansa duk aikin zai fito. Wake yana baye kansa, wannan ya sauƙaƙa mana.

Da na yi wa dattijon bayanin abin da muke nema, sai ya ce, "Ɗana, in kun sa shi ya yi fure da wuri, me awakina za su ci da rani?" Na ce, "Baba, ba raba shi da halinsa za mu yi ba, so muke mu san abin da ke sarrafa halin." Tambayarsa tana kan hanya. Jinkirin Kanannado ba aibi ba ne. Yana zaune ƙarƙashin gero da dawa yana yaɗo, sai an girbe gero rana ta same shi, ya yi fure a ƙarshen ruwa, ƙwayar ta bushe ba ruɓa, ga harawa mai yawa. Matsalar tana shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, fure ya fito ƙasa ta riga ta bushe. Idan makunni ne ke riƙe shi, akwai fatan a matso da furen da mako ɗaya ko biyu ba tare da an rasa harawar ba. Wannan fatan ne ya sa na damu da aikin.

24 ga Yuli

Tsirran sun yi mako biyu a tukwane cikin rumfar raga, an raba su gida biyu. Gida ɗaya muna ƙara masa hasken fitila da magariba, yininsa ya kai awa 14. Ɗaya kuma muna lulluɓe shi da baƙin yadi mai kauri daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 7 na safe, yininsa ya zama awa 10. Abubuwa biyu muke tsaro. Zafi yana taruwa a ƙarƙashin yadin, kuma zafi shi kansa yana gaggauta fure, saboda haka an sa ma'auni a kowane gida, an ɗaga yadin a kan katako iska na ratsawa. Sai fitilar tsaro da ke haska gefen rumfar da dare. An roƙi masu gadi, an juya mata fuska.

9 ga Agusta

Makonni biyun nan duka a kan hakar DNA suka tafi, kuma a ganina nan ne aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Na'urar karanta DNA ba ta ƙara wa zare tsawo. Abin da ka ba ta shi za ta karanta, in ka ba ta gutsattsari, gutsattsari za ta mayar maka.

Ganyen wake yana da abubuwa uku masu ɓata aiki: sitaci da danginsa masu yauƙi, sinadaran folifinol da ke mayar da ruwan ruwan kasa su manne wa DNA, da kuma DNA na kuloroflas, sashen ganye mai sarrafa hasken rana, wanda kundinsa haruffa wajen 152,000 ne kawai amma kwafinsa ya yi yawa a kowace ƙwayar ganye, sai ya cinye wani kaso na karatun a banza. Ga yadda muka tsaya. Tsiron da za a ɗiba ana sa shi a duhu kwana biyu sitaci ya ragu. Ana tsinkar ganye mafi ƙuruciya, a jefa shi cikin ruwan naitirojin nan take, a daka a ƙaramin turmin tangaran har ya zama gari, ba a bari ya narke. Daga nan sai a ware cibiyoyin ƙwayoyin, inda babban kundin DNA yake, da ruwan da ke da ɗan Triton X-100, wanda ke fasa kuloroflas ya bar cibiya. Sannan sinadaran tsarkake DNA, CTAB da PVP, a ruwan ɗumi, sai wanki da kulorofom.

Babbar ma'aikaciyar ɗakin, wadda ta fi mu duka daɗewa a kan benci, ita ke tsaye a kan ɗalibarmu. Na ji tana ce mata, "A hankali, 'yata. Juya kwalbar kawai, kada ki girgiza. Kuma yanke bakin fifet ɗin kafin ki zuƙa." Ita kuma ta ce, "To, Malama." Gaskiyar Malama ce: dogon zare ko matsatsin bakin fifet yana tsinka shi. Idan an zuba barasar da ke sa DNA ya fito, sai ka ga farin abu yana tattaruwa. Da ƙugiyar gilashi ake ɗauko shi, a bar shi ya narke da kansa a firji kwana ɗaya ko biyu.

Awo uku muke yi. Na'urar NanoDrop don tsabta, ana son awonta na 260/280 ya zo wajen 1.8, 260/230 kuma 2.0 ko sama. Na'urar Qubit don yawa, domin NanoDrop yana ƙirga RNA (saƙon da ake kwafowa daga DNA) da datti a matsayin DNA. Sai jel don tsawo, a jera samfurin kusa da DNA na ƙwayar cutar lamda mai haruffa 48,502; in namu ya tsaya daidai da shi ko sama, ba jela a ƙasa, an dace. Na jiya sun tsaya sama, iri biyun duka.

Wani abin lura: ganyen da aka sa a duhu na haɗa kundi ne kawai. Na auna metil (alamar sinadari da ake liƙa wa DNA) da RNA daga tsirran da ba a taɓa haskensu ba za a ɗiba.

21 ga Agusta

MinION ta fara aiki. Na'ura ce da ke shiga tafin hannu, ta kamfanin Oxford Nanopore. A faifanta akwai fata siririya mai ƙananan ƙofofi na furotin, gurabe 2,048 a layuka 512. Lantarki yana ratsa kowace ƙofa. Zaren DNA yana wucewa da gudun haruffa 400 a daƙiƙa, kowane jerin haruffa yana canza ƙarfin lantarkin da irin nasa salo, kwamfuta kuma tana mayar da wannan hawa da sauka zuwa A, C, G, T. Irin wannan na'ura aka yi amfani da ita a Gini lokacin Ebola a 2015, da kuma Irrua kan zazzaɓin Lassa a 2018.

Faifan R10.4.1 ne. A firji ake ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, ba ya shiga firiza. Da isowarsa aka gwada ƙofofin, tunda ya sha hanya. Masu aiki a cikinsu sun haura 800 da ake buƙata. Wajen zuba samfur babban abin tsoro kumfar iska ce, in ta taɓa fatar, ƙofofin wurin sun mutu ke nan. Bayan kwana ɗaya ƙofofi suka fara toshewa, abin da DNA na tsirrai ya saba jawowa, sai aka wanke faifan da enzayim mai narkar da zaren da ya maƙale aka sake zuba sabo.

Burinmu shi ne rabin haruffan su fito cikin zaruruwan da suka haura 20,000, kuma an cim ma hakan. Lissafin ninki mai sauƙi ne: haruffa biliyan 20 sun ninka kundin wake wajen sau 30. Ɗanyen siginar lantarkin, fayilolin POD5, muna ajiye shi duka a faifan ajiya biyu, duk da girmansa, domin a cikinsa alamar metil take.

14 ga Satumba

Kafin mu yarda da abin da bayananmu za su faɗa kan abin da ba a sani ba, sai da muka gwada su kan abin da aka sani. Binciken 2019 ya gano cewa a kuromosom na 3 akwai yanki mai haruffa miliyan 4.2 da ya juya baya. Yadda yake a SAMPEA 10 shi ne wanda ba a cika samu a irin gargajiya ba, amma yana nan a B301, irin Botsuwana da aka ɗebo juriyar wuta-wuta daga gare shi. A cikin yankin akwai 'yar'uwar LGS1, ƙwayar da ɗakin binciken Gebisa Ejeta a Purdue ya nuna a 2017 cewa lalacewarta a dawa tana canza sinadarin da saiwa ke fitarwa, irin wuta-wuta ya kasa tsira sosai.

Da muka jera zaruruwan Kanannado a kan kundin da manhajar minimap2, sai ga su suna rabuwa biyu a bakin iyakokin nan: rabin zare ya bi gaba, rabin ya bi baya, zare bayan zare a gurbi ɗaya. Na SAMPEA 10 suka wuce sumul. Na daɗe ina kallon hoton. Abin da a da sai an haɗa taswirorin gado kafin a gane shi, ga shi a zare ɗaya. Wannan ba tambayarmu ba ce, amma ya tabbatar mana kayan aikin suna gani.

An kuma haɗa kundin Kanannado shi kaɗai da manhajar Flye. Wannan wajibi ne, domin duk abin da yake da shi wanda SAMPEA 10 ba shi da shi ba zai sami wurin zama a kan kundin 2019 ba.

5 ga Oktoba

Kanannadon gona ya fara fure. A rumfa, na gidan gajeren yini sun daɗe da yi, kuma sun tsaya gajeru ba yaɗo. Na gidan fitila har yau ganye suke zubawa. SAMPEA 10 ya yi fure a gidajen biyu ba wata tazara mai yawa. An ɗebi ganye kafin furen, kowace awa huɗu, dare da rana, saboda ƙwayoyin nan suna da lokutansu. E1 ta waken suya, wadda ke danne FT2a da FT5a idan yini ya yi tsawo, tana tashi ne da safe da kuma gab da duhu. Wanda ya ɗiba da azahar kawai zai iya cewa ba ta aiki. Ɗiban dare da koren haske mara ƙarfi aka yi shi.

Baye ma ya kankama. Mun riƙa shuka SAMPEA 10 a jere don furensu ya haɗu. Da yamma a buɗe tohon da zai buɗe gobe a cire mazan, da sassafe a shafa garin ɗayan, a ɗaura zare. Da yawa suna kakkaɓewa, haka wake yake. Waɗanda suka kama sun isa.

26 ga Oktoba

Tun farkon makon nan yawancin arewa take cikin duhu. An dakatar da karatu a na'ura. Man janareta duka na firizar samfura ne, ganyen RNA kuma an mayar da su tulun naitirojin. Babu wanda ya narke.

23 ga Nuwamba

Watan metil ne wannan. Metil ɗan ƙaramin sinadari ne da ake liƙa wa harafin C; ba ya canza rubutun, amma yana iya rufe wurin. A jikin mutum galibi a kan CG yake sauka. A tsirrai wuri uku ne: CG, CHG da CHH, inda H ke nufin A, C ko T, kuma kowanne da mai kula da shi. MET1 ke riƙe CG, CMT3 ke riƙe CHG, CHH kuwa tsakanin CMT2 ne da wata hanya da ƙananan RNA masu haruffa 24 ke yi wa jagora. Inda ukun suka taru, yawanci mai tsalle ne aka ɗaure. CG shi kaɗai a cikin jikin ƙwayar gado ba ya kashe ta; ƙwayoyi da yawa masu aiki kullum suna ɗauke da shi.

Misalin da na ba ɗalibai shi ne na kwakwar manja a Malesiya. Itatuwan da aka rena a kwalba daga uwa ɗaya, DNA iri ɗaya, wasunsu suka riƙa yin 'ya'ya marasa mai. A 2015 aka gano dalili: wani mai tsalle da ake kira Karma, a cikin intiron na ƙwayar da ke tsara fure, ya rasa metil ɗinsa na CHG, sai yankan RNA ya kauce, furotin ya fito guntu. Manomi ba ya sanin hakan sai itacen ya yi shekaru ya fara 'ya'ya.

Tsohuwar hanyar auna metil ita ce a jiƙa DNA da baisalfait, wanda ke mayar da C mara metil ya karantu kamar T, yana kuma ragargaza zaren. A na'urar Nanopore ba a buƙatar wannan. C mai metil yana canza lantarkin da salonsa, manhajar Dorado kuma tana karantawa daga siginar da muka ajiye. Amma na ƙi yarda da adadin CHH kai tsaye. Shi ne mafi ƙaranci a kundi, saboda haka kuskure kaɗan yana iya kama da sakamako. Kuloroflas ɗin da muka yi ta ƙoƙarin korewa shi ya yi mana amfani a nan: DNA ɗinsa ba ya ɗauke da metil, don haka duk metil ɗin da kwamfuta ta ce ta gani a kansa ƙarya ne, kuma wannan ne ma'aunin kuskurenmu. A CG da CHG ƙaryar kaɗan ce. A CHH ta fi yawa, sai muka tsaurara sharaɗi, kuma ba za mu yi magana kan harafi ɗaya ba sai kan yanki.

Hoton gaba ɗaya ya fito yadda ake zato a kundin tsiro mai lafiya: metil cunkus a tsakiyar kuromosom inda masu tsallen da ake kira Gypsy suka yi sansani, ya ragu zuwa gefuna, ya faɗi ƙasa a daidai inda ƙwayoyin gado ke farawa. Tsakanin gidan fitila da gidan yadi ba mu ga wani babban sauyi ba. Tsakanin iri biyun ne bambancin yake, kuma mafi yawansa yana bin inda ɗaya ke da mai tsalle ɗaya babu.

11 ga Janairu, 2025

An koma kan RNA. Na'urar tana iya karanta RNA kai tsaye, ba sai an mayar da shi DNA ba; ƙungiyar Gordon Simpson a Dundee ta yi hakan da ɗan tsiron gwaji Arabidopsis a 2020, ta ga inda kowane saƙo ya ƙare, da tsawon jelarsa, da alamar metil ta m6A a kansa. Na so mu bi wannan hanya, amma lissafi bai ba mu ba. Abin da take fitarwa kaɗan ne, saƙon FT kuma ƙalilan ne, a 'yan ƙwayoyin da ke gefen jijiyar ganye kawai ake yinsa. Sai mu ƙone faifai guda mu sami saƙonnin sarrafa hasken rana birjik, na FT ɗaya ko biyu.

Mun tsaya a kan cDNA mai cikakken tsawo, wato RNA da aka mayar DNA, sannan ga ƙwayoyin fure mu ninka kwafinsu da dabarar PCR daga farko har ƙarshe. Amfanin dogon karatu a nan biyu ne. Dangin FT sun yi kama da juna ƙwarai, a waken suya sun kai goma, wasu na kira ga fure wasu na hanawa. Gajeren karatu yana rikita su, cikakken saƙo ba ya rikitawa. Na biyu, ana ganin yadda aka yanka kowane saƙo, wane intiron aka cire, wane aka bari. Yawan saƙon kuma da qPCR, wato PCR mai ƙirga, za mu tabbatar, domin ninkawa tana karkatar da ƙirga.

15 ga Fabrairu

Manhajar Sniffles2 ta jero bambance-bambancen gini tsakanin iri biyun, sun kai dubbai: nan an ƙara, can an cire, can an juya. Wasu sun faɗo kusa da ƙwayoyin fure da na agogon tsiro, wasu ma masu tsalle ne lulluɓe da metil, daidai siffar da muka fito nema. Ɗalibarmu ta shigo da takarda a hannu tana murna, ta ce, "Dakta, ina jin mun same shi!" Na zaunar da ita muka yi lissafi tare. Ƙwayoyin da ke da hannu a fure sun haura ɗari. Idan aka yarda makunni yana iya zama haruffa 60,000 daga ƙwayarsa, to kowane iri biyu na wake da za ka ɗauka a kasuwa za ka sami irin waɗannan bambance-bambance kusa da wasunsu, ko da rana ɗaya suke fure. Murnarta tana da dalili, domin jerin na gaske ne, kuma da gajeren karatu da yawancinsu ba za su bayyana ba. Amma jerin waɗanda ake tuhuma ne, ba hukunci ba.

Haka ma metil. Ganinsa kusa da ƙwayar da ta yi shiru bai nuna shi ya rufe ta ba. Sau da yawa shirun ne ke fara zuwa, metil ya biyo baya.

22 ga Maris

'Ya'yan bayen, F1, an shuka su tun farkon Disamba, an kuma tabbatar da alamomin DNA cewa haɗin gaske ne, ba uwar ce ta baye kanta ba. Wasu mun bar su a gajeren yinin hunturu suka yi fure, aka girbe irinsu, wato F2, kafin zafin bazara, domin zafin dare yana lalata garin furen wake. Wasu kuma suna gidajen haske biyu, ana ɗiban ganyensu. Ɗiban asuba yanzu yana haɗuwa da sahur, ya zo wa masu kwana a rumfa da sauƙi.

F1 shi ne gwajin da na fi sa wa rai. A cikinsa kwafin Kanannado da kwafin SAMPEA 10 na kowace ƙwaya suna zaune a cibiya ɗaya, haske ɗaya, furotin masu ba da umarni iri ɗaya. Idan a gidan fitila kwafin SAMPEA 10 na wata FT yana aiki, na Kanannado ya yi shiru, to dalilin yana manne da ƙwayar, makunninta ne. Idan kuwa kwafin biyu suka tashi tare ko suka yi shiru tare, dalilin yana wani wuri, sai mu koma kan masu hanawa irin E1 da masu ganin haske irin PHYA, waɗanda lalacewarsu ta cire wa waken suya da waken Amurka damuwa da tsawon yini. Dogon zare ne ke sa wannan ya yiwu: kowane saƙo yana ɗauke da haruffan da ke nuna daga wane mahaifi ya fito, kowane zaren DNA kuma yana ɗauke da shaidar mahaifin, da mai tsallen, da metil ɗinsa a lokaci guda.

Don rage kashe faifai za mu sa na'urar ta riƙa zaɓe. Tana karanta farkon zare, ta gwada shi da jerin yankunan da muka ba ta, in ba ya ciki ta juya lantarki ta tofar da shi, ƙofar ta ɗauki wani. An gama tsara jerin: kowace ƙwayar fure da haruffa 100,000 a kowane gefenta.

F2 kuma na damina ne. Kowane tsiro za a rubuta ranar furensa na farko, a auna yaɗonsa da nauyin harawarsa, a duba wane kwafi ya gada a kowane gurbin da ake tuhuma. Duk gurbin da bai bi ranar fure ba za a cire shi daga jerin. An riga an yi magana da dattijon kan wani gefe na gonarsa, don a ga tsirran a ƙarƙashin gero ba a fili kaɗai ba. Dole shukar ta shiga ƙasa kafin tsakiyar Yuli. Tsawon yini a nan yana sauka ƙasa da awa 12 da rabi wajen tsakiyar Agusta; in aka makara, masu jinkiri da masu sauri za su yi fure kusan tare, a rasa bambancin da ake son aunawa.